Kano zuwa Damagaram a hankali: yadda tafiyar rabin yini ta zama ta kwanaki

Daga shataletalen Dawanau a Kano zuwa Kongolam, bakin iyakar Najeriya da Nijar, kilomita 132 ne, daga can zuwa Damagaram kuma ɗari da 'yan kai. Direban haya in ya tashi da asuba kuma ba a tsare shi a boda ba, to a Damagaram zai yi azahar. Haka mafi yawan mutane suka san hanyar nan, a shiga mota a jingina kai da gilashi a yi barci, in an farka a tambayi na kusa "ina muke?" ya ce an wuce Kazaure. Alhali kuwa garuruwan da ake wucewa ɗin, Dambatta da Kazaure da Daura da Matamaye, kowanne da abun da ya haɗa shi da na gabansa, kuma in ka bi su a jere labari ɗaya suke ba ka, na yadda jihadi ya tarwatsa wasu gidajen sarauta ya kafa wasu, da yadda Damagaram ta tashi a arewa ta zame wa Kano ƙarfen ƙafa, sannan Turawa suka zo suka ja layi a tsakiya.

Abun da zan kawo nan tafiya ce guda ɗaya da mukai a kan hanyar da gangan ba sauri, da hunturu bayan an gama kaka, don duk mai son yin irinta ya ga me yai aiki me bai yi ba.

Su waye, kuma me aka shirya

Mu huɗu ne a motar gida. Kawuna ƙanin mahaifiyarmu, tsohon malamin firamare da yai ritaya kuma yana da dangin mata a Matamaye, sai ni a sitiyari, sai ƙanwata da ɗanta mai karatu a sakandare. Yaron ne ma asalin dalilin tafiyar, don an ba su labarin Bayajidda a makaranta ya dawo gida yana cewa ai tatsuniya ce kamar ta Gizo, rijiyar ma babu ita. Kawu bai yi masa gardama ba, ya ce a zuba mai kawai.

Sharuɗɗan duk Kawu ne ya gindaya. Ba tafiyar dare, magariba ta same mu a masauki. Duk garin da za mu kwana sai an san mutum ɗaya tak a cikinsa tun kafin mu baro gida, ko tsohon ɗalibinsa ne ko suruki ko abokin kasuwar wani, an kira shi a waya an gaya masa muna tafe. Sannan ba a ciro waya a ɗauki hoton ƙofar fada ko na wani dattijo sai an yi sallama an gaisa an nemi izini. Ya sa muka sayi goro da dabino da ɗan turare muka zuba a but. A lokacin ƙanwata ta ce "Kawu wannan ai kamar za mu neman aure", ya ce "ke dai bari, za ki gani." Gaskiya sharaɗin mutum ɗaya a kowane gari shi ya riƙe tafiyar gaba ɗaya, zan dawo kansa.

Dambatta da Kazaure

Kafin Dambatta akwai Tattarawa, ƙaramin gari ne da mota ke wuce shi cikin ƙiftawar ido, babu wani allo da zai gaya maka komai, amma a nan ne dakarun Kano na zamanin Sarki Alu suka gwabza da na Damagaram ƙarƙashin Amadu Kuran Daga a ƙarshen ƙarni na 19. Mun tsaya gefen titi Kawu ya nuna wa yaron filin gonaki, karan dawa a tsaye an yanke kawunan, ya ce masa ka riƙe sunan mutumin nan Kuran Daga don za mu je har ƙofar gidansa. Wannan dabarar ta malanta ce kuma ta ci, yaron ya dinga tambayar sunan har muka tsallaka iyaka.

Dambatta kuwa mutane sun fi saninta da kasuwar dabbobi da dam ɗin Thomas da kwalejin noma ta Audu Bako, amma ita ce mazaunin Ɗan Tunku na farko. Shi Ɗan Tunku Bafulatani ne da ya taimaki masu jihadi wajen cin Sarkin Kano Alwali, sai dai da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819 ya ce shi fa ba zai yi mubaya'a ba, akai ta fafatawa shekaru har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ya bar masa ƙasarsa. Daga nan masarautar Kazaure ta samo asali, ɗansa Dambo ne ya zaunar da sarautar a garin Kazaure, ita kuma Dambatta ta zauna a hannun Kano. Shi ya sa yau Dambatta tana jihar Kano, Kazaure tana Jigawa tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991, alhali tsakaninsu ko rabin awa babu.

A Kazaure muka fara kwana. Garin yana cikin duwatsu ga ruwan dam a gefe, da la'asar in iska ta taso daga kan ruwan sanyin har cikin ƙashi. Mai masaukinmu tsohon ɗalibin Kawu ne, yanzu shi ma furfura ta fara fito masa amma yana ganin Kawu ya zube ƙasa yana "Malam, sannu da hanya, Malam ashe rai kan ga rai." Shi ya kai mu ƙofar fada bayan la'asar, lokacin da dattawa ke zaune a kan tabarmi, ya gabatar da mu, muka miƙa goro. Ba mu ga Sarki ba kuma dama ba mu nema ba. Wani dattijo cikinsu ya ja yaron kusa da shi ya jero masa sarakunan Kazaure tun daga Ɗan Tunku har kan mai ci yanzu, Najib Hussaini Adamu, da ka ba takarda, yana yi yana lanƙwasa yatsu. Da mun zo da tsakar rana mun tsaya da mota mun ɗau hoton ginin mun wuce, da abun da za mu tafi da shi kenan, hoton gini.

Daura

Nan muka fi daɗewa, kuma nan ya kamata kowa ya daɗe.

Rijiyar Kusugu tana tsakiyar gari, an gina mata ɗaki an kewaye ta, mutum zai iya wucewa ta gabanta bai san ita ba ce. Ka cire takalmi ka shiga, mai kula da wurin ya buɗe murfin ya zura guga, kana jin ƙarar igiya tana gogar baki kafin can ƙasa ka ji gugan ya taɓa ruwa. Ya jawo ya zuba a kofi ya miƙa wa yaron ya ce "sha, ɗana." Ruwan da sanyi, garau. Yaron ya sha ya leƙa ciki ya daɗe yana leƙe, bai ce komai ba. Mai kula da rijiyar ya ba da labarin yadda kowa ya san shi, macijin da ake kira Sarki wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, baƙon da ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa aka ce babu, ya je da dare ya sare kan macijin, Daurama ta aure shi, aka haifi Bawo, 'ya'yan Bawo suka kafa Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, a haɗa da Biram a samu Hausa bakwai.

Da muka fito yaron ya ce "to Kaka, gaskiya ne ko ba gaskiya ba?" Amsar da Kawu ya ba shi ta burge ni. Ya ce rijiya dai ga ta ka sha ruwanta. Sarautar mata a Daura ma mutanen garin suna riƙe da jerin sunayen Magajiyoyinsu tun daga Kufuru, kuma ga Tsohon Birni can arewa da gari inda aka ce nan suka fara zama kafin Daurama ta dawo da gari nan. Maganar maciji da baƙo daga Bagadaza kuwa masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kai, wasu na ganin hanya ce da magabata suka bi suka adana labarin sauyin mulki daga hannun mata zuwa maza da zuwan baƙi daga gabas. Ya ce masa ba dole ka haɗiye duka ba, kuma ba ka da hujjar zubar da duka. Ni a ganina wannan ita ce tarbiyyar da ta dace a ba yaro game da tarihin baka, kuma a bakin rijiyar ta fi shiga fiye da cikin aji.

Amma abun da ya fi kama ni a Daura ba Bayajidda ba ne, labarin bayan jihadi ne wanda ba a cika faɗa ba. Wajen 1805 Malam Isiyaku ya ci Daura da tutar Shehu, Sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa. A yawancin ƙasar Hausa irin wannan fitar ita ce ƙarshen zance ko kuma a kafa sabon gari can nesa a zauna, kamar yadda Katsinawa sukai a Maraɗi, Zagezagi sukai a Abuja wadda yanzu ake kira Suleja. Su zuriyar Abdu ba su yi nisa ba, suka rarrabu a nan kusa, wani reshe a Zango, wani a Ɓaure, wani a Magarya wadda yau take cikin Nijar, suna zaune a inuwar Damagaram suna hangen garinsu kusan shekara ɗari. Da Turawan Ingila suka zo sai suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi gadon Daura. Ɗansa Abdurrahman ya hau a 1911 ya yi shekara 55 yana mulki har 1966, sai Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sai Umar Faruk Umar. Wato Daura na cikin 'yan tsirarun wuraren da gidan sarautar Haɓe ya fita kuma ya dawo ɗakinsa. Wani dattijo da mai masaukinmu ya kai mu wurinsa a zauren gidansa ya ba mu wannan labarin yana cewa "mu" duk inda ya zo kan mutanen Zango, kamar jiya aka yi, kuma da Kawu ya ce masa gobe za mu tsallaka Nijar sai ya ce "ai gida za ku."

Wani abu da ya canja a garin, tun da aka binne tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a gidansa na Daura a watan Yulin 2025 baƙi sun ƙaru, sai dai da yawansu daga gaisuwa da addu'a sai su juya, ko Kusugu ba sa leƙawa. Wanda kuma yake son ganin Daura a cike da dawakai da kaɗe-kaɗen fada ya daidaita tafiyarsa da Sallar Gani a watan Maulidi, amma ya san masauki zai yi wuya, mu da muka je lokacin da gari yake shiru mun fi samun mutane da lokacin zama da mu.

Boda

Daga Daura ta Mai'aduwa zuwa Kongolam ba nisa. Nan ne kaɗai tsarin "a hankali" ya zama dole ba zaɓi ba. Iyakar nan an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 sai Maris ɗin 2024 aka buɗe, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka duk wanda ya ce maka ga yadda ake wucewa bara, ka sake tambaya a satin da za ka tashi. Mu mun tafi da katin shaida da fasfo da katin rigakafin shawara da takardun mota cikakku na asali ba kwafi ba, kuma mun canji sefa tun a Daura. Duk da haka akwai wani shinge da aka ajiye mu fiye da awa guda kan wata takarda da a shingen baya aka duba aka ce ta yi. Kawu ya fito ya shimfiɗa dardumarsa a gindin bishiya ya ce "sannu ba ta hana zuwa", har aka gaji aka miƙo mana takardunmu. Wanda ya tsara sai ya kai Damagaram a ranar, wannan awa ɗayar za ta ɓata masa rai ta sa shi miƙa abun da bai kamata ba. Mu Matamaye kawai za mu, tana nan gaba kaɗan.

Layin da muka tsallaka ɗin yarjejeniyoyin Ingila da Faransa ne na 1898 da 1904 da 1906 suka haifar da shi, aka bi aka kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Yaron ya yi ta duba ta taga yana neman inda ƙasa za ta canja, gero dai gero, rumbu dai rumbu, Hausa dai Hausa, sai dai lissafin kuɗi ya koma dala da jaka, burodi ya zama dogo siriri.

Matamaye zuwa Damagaram

Abu ɗaya ne ya canja da gaske kuma sai mai tafiya a hankali zai lura, itatuwa. Daga Ɗan Barto, bakin iyaka ta ɓangaren Nijar, zuwa Matamaye zuwa Kance gonaki cike suke da gawo, ba jefi-jefi ba, ko'ina. Gawo kuwa bishiya ce mai yin abunta a juye, da damina ta zubar da ganye ta bar wa gero rana, da rani ta yi kore shar, don haka mu da muka zo da hunturu sai muka tarar da ƙasa fari fat an girbe amma sama kore. Surukin Kawu ya kai mu gonarsa da safe ya durƙusa ya nuna mana wani ɗan tsiro da bai kai gwiwa ba, ya ce wannan ba shuka shi yai ba, da kansa ya fito daga tsohon kututture, shi dai nasa ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ya sassabe sauran ya hana a sare. Ya tona ƙasar gindin wata babba da hannu ya nuna mana yadda ta yi baƙi saboda ganye da kashin dabbobin da ke zuwa cin 'ya'yan. Tun bayan farin shekarun 1980 manoman yankin Matamaye da Magarya da Mirya suka rungumi wannan hanya, kuma yau ana kawo misali da su a duniya. Wallahi na tsaya ina tunanin gonakinmu na wajen Dambatta da muka baro, ƙasa iri ɗaya ruwa kusan iri ɗaya, me ya hana mu. A fadamun wajen kuma rake ne, muka saya muka cika but.

Damagaram ba ƙaramin gari ba ce, amma unguwar Birni tana nan da siffarta ta da. Lunguna ƙanana suna zagaya manyan duwatsu, gidajen ƙasa da zane a fuskar zaure, wasu an sabunta wasu suna zubewa ba mai gyarawa, abun da ciwo. Fadar Sultan ginin tsakiyar ƙarni na 19 ce, kuma sunan da za ka fi ji shi ne Tanimun, wanda yai mulki har 1884, ya ja ganuwa ya tara bindigogi har ana ƙera masa igwa a cikin gari. Ɗansa ne Amadu Kuran Daga. Da dogarin da ya zagaya da mu ya ambaci sunan, yaron ya juyo ya ce "Kaka, na Tattarawa!" Dogarin ya tsaya ya dube shi ya ce "yaro daga ina?" aka ce Kano, yai dariya ya ce to ka zo gidan waɗanda suka hana kakanninka barci. Shi Kuran Daga ɗin ne aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a zamaninsa a 1898, shekara ta zagayo Faransawa suka dawo suka ci dakarunsa a Tirmini a 1899, garin da muka ratsa a kan hanyar shigowa, shi ma aka kashe shi a shekarar. Daga baya Damagaram ta zama hedikwatar mulkin Faransa a Nijar daga 1911 har 1926 da aka mayar Yamai. Mun leƙa unguwar Zango ta fatake, mun sayi kilishi, washegari muka je Mirya, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, ƙanwata ta sayi tulu da kaskon turare wurin mata masu ginin tukwane.

Abun da lamarin ya nuna

In aka cire kuɗin mai da na boda, tafiyar ba ta ci wani abun kirki ba, don a gidajen mutane muka fi kwana, goro da turare da ɗan abun da aka ba yaran gida shi ne kuɗin masauki. Amma wannan ɗin shi ne kuma raunin tsarin, don Kawu muke da shi. Wanda ba shi da tsohon malami mai ɗalibai a kowane gari fa? In ban da Kusugu da fadar Damagaram, duk wuraren nan babu allo, babu ɗan jagora, babu ko takarda shafi ɗaya da za a miƙa maka. Tattarawa da Tirmini filin yaƙi ne guda biyu na mutum ɗaya a kan hanya ɗaya, kuma ba abun da ke nuna haka a ko ɗaya. Ilimin yana bakin dattawa a ƙofar fada da zaure, su kuma ba sa buɗe baki wa wanda ya sauko daga mota da waya a hannu yana sauri, kuma kullum raguwa suke.

Ga shi ana faɗaɗa titin Kano zuwa Kongolam ya zama tagwaye, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 wanda zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura. Duka alheri ne ga ɗan kasuwa da mara lafiya, ina murna da su. Sai dai tsayawa za ta ƙara raguwa, shi ya sa nake ganin masarautun nan da ƙananan hukumomi da makarantu irin kwalejin Kazaure da ta Dambatta ya kamata su sa ɗalibai su zauna da dattawan nan da rikoda tun suna raye, a kafa alluna da Hausa a wuraren da abu ya faru, a samu matasa biyu uku a kowace fada da aka koya musu tarbar baƙo. Ba aikin biliyoyi ba ne.

Ga wanda ba shi da kowa a hanya kuma yana son gwadawa, abun da na ga yana aiki shi ne masallaci. Ka yi la'asar a masallacin ƙofar fada, ka gaisa da liman ko ladan, ka faɗi daga inda kake da abun da ya kawo ka, da wuya ka tashi ba a haɗa ka da wani ba. Ka tambayi labarin tsaro a tasha kafin kowane zango, direbobin haya sun fi kowa sani. A dawowa kuma ba dole ka maimaita hanya ba, mu ta Magarya muka biyo muka shigo ta Babban Mutum zuwa Ɓaɓura, don yaron ya ga reshen gidan Daura na uku, Zango da Ɓaure kuma Kawu ya ce sai bayan sallah in Allah ya kai mu.